Digiri a Hannu, Kaki a Jiki: Matasan Njamena da Aikin Ɗamara



Akwai wata muhawara da ake tafkawa a gidaje da dama a birnin Njamena, tun daga Farsha har Shagwa, daga Digel har Waliya. Yaro ya gama jami'a, ya karɓi lisans ɗinsa, wato digirinsa, shekara biyu ko uku ke nan yana zaune. Sai aka ji sanarwa a rediyo cewa an buɗe ɗaukar 'yan sanda ko jandarmomi. Ya kai takardunsa ko kada ya kai? Uwa ta ce sam, ba ta haifi ɗa don a aiko mata da hularsa ba. Uba ya yi shiru yana jan carbi. Kawu kuwa ya ce a bar yaro ya je, ai da babu gara ba daɗi.

Ni ina tare da kawu a kan cewa yaro ya je. Amma dalilin da ya kawo bai kwanta mini ba ko kaɗan, kuma wannan dalili shi ne ya fi komai lalata aikin ɗamara a ƙasashenmu. Wanda ya sa kaki don ya rasa abin yi, ranar da ya tsaya a kan titi zai huce haushin rashin ne a kan mai babur da mai tallar mangwaro.

Mu fara da yadda aka kawo nan. An buɗe jami'ar farko ta ƙasar Chadi a shekarar 1971, a lokacin shugaba Tombalbaye, kuma shekaru masu yawa ita kaɗai ce. Wanda ya fito daga cikinta, kujera tana jiransa a ma'aikata. Yau akwai Jami'ar Njamena da rassanta a Tukra da Farsha da Ardep-Jumal, akwai Jami'ar Sarki Faisal, akwai na Abeshe da Mundu da Sar da Doba, ga makarantu masu zaman kansu birjik, ga kuma waɗanda ke ƙetarawa Kamaru da Sudan da Nijeriya su dawo da takardu. Kowace shekara dubbai ke fitowa. Ƙofar da kowa ya zuba wa ido kuwa guda ɗaya ce, wato aikin gwamnati.

Da aka fara fitar da man Doba a 2003 ta bututun da ya bi ta Kamaru zuwa Kribi, an ɗauka ƙofar nan za ta yi faɗi. Ta ɗan yi. Sai farashin mai ya faɗi a 2014, baitulmali ya bushe, a 2016 gwamnati ta fito da matakan nan goma sha shida na tsuke bakin aljihu da har yau ba a manta da su ba. Aka zabge alawus na ma'aikata, aka soke kuɗin tallafin ɗaliban jami'a, ɗaukar sababbin ma'aikata ya tsaya. Marigayi shugaba Idriss Deby ya yi alkawarin ɗaukar matasa dubu 20 a shekarar 2020, amma har ya rasu a watan Afrilun 2021 masu jiran a saka su aiki suna nan suna jira. Sun kafa ƙungiyoyi, sun yi zaman dirshan, sun fito kan titi, an kore su da barkonon tsohuwa. A halin yanzu, je ka tsaya a bakin kasuwar Dembe ka tambayi masu kilando, wato 'yan acaɓar Njamena, ka ji nawa ne a cikinsu suka karanta shari'a ko tarihin ƙasa ko ilmin zamantakewa.

To a irin wannan hali, duk sanarwar ɗaukar ma'aikata mai albashin wata da lambar aiki da fansho, dole a yi mata ca. Ba laifi ba ne. Neman halak ne.

Sai dai mutane suna haɗa kaki duka su zuba a kwando ɗaya, alhali ba ɗaya ba ne. 'Yan sanda farar hula ne a tsarin doka, aikinsu ya fi yawa a birane. Jandarma soja ne, yana ƙarƙashin horon soja, kuma shi ne ya fi kula da karkara da manyan hanyoyi. Akwai rundunar tsaron ƙasa da makiyaya, wadda ake kira GNNT, masu gadin gine-ginen gwamnati da bin sawun ɓarayin dabbobi a daji. Akwai 'yan sandan magajin gari. Akwai 'yan kwana-kwana. A cikin 'yan sandan ma akwai matakai, daga ƙaramin ɗan sanda mai tsaron titi, zuwa sufeto, zuwa hafsa, zuwa kwamishina, kuma kowane mataki da irin takardar da ake nema. Mai lisans da ya shiga ta ƙofar mai takardar sakandare don kawai ita ce a buɗe, ya sani cewa zai iya shafe shekaru yana sara wa wanda ya koyar a aji. Wasu suna jurewa har su haye ta jarrabawar cikin gida. Wasu zuciyarsu takan mutu a hanya. Wannan lissafi ne da ya kamata a yi shi a gida, da ido biyu, kafin a sayi kwalin saka takardu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ce yaro ya je. Mafi yawanmu in an ce ɗan sanda, kulki muke gani da ankwa da usur. Amma makamin da ya fi yi wa talaka illa, ko ya fi cetonsa, a ofishin 'yan sanda shi ne alƙalami.

Ku biyo ni mu shiga komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Ga wata mata zaune a kan benci, mayafinta ya jiƙe da gumi, an kama ɗanta a kan zargin satar waya. An kira ta ta ba da bayani. Ita Hausa take ji, da Larabcin kasuwa gwargwado. Wanda ke tambayarta yana yi da Larabcin Chadi, yana rubutawa da Faransanci. Ta ce yaron ya kwana a gida, sai da aka yi sallar asuba ya fita. Shi kuma ya rubuta cewa yaron ya fita da dare. Ba lalle mugunta ce ta sa shi ba, wataƙila iyakar Faransancinsa ke nan, ko kunnensa bai kama maganarta ba. Ya juyo mata da takarda, ya kama babban yatsanta ya dangwala a tawada, ya manna a ƙasa. Ba a karanta mata ba, ba ta san me ta sa wa hannu ba. Wannan takarda ita za ta je gaban mai gabatar da ƙara, ita alƙali zai buɗe, kuma a kanta ne yaro zai koma gida ko ya wuce gidan yari na Klesum ya jira shari'a wata da watanni.

Dokar ƙasa ta ce tsarewar da ake yi wa mutum a hannun 'yan sanda awa 48 ce, in za a ƙara sai da izinin mai gabatar da ƙara. Wa zai lura da agogon nan? Wanda ya san dokar, kuma ya san darajarta. Wa zai bi sawun kuɗin da aka damfari ɗan kasuwa ta wayar salula? Wa zai ɗauki zanen yatsa a wurin da aka yi kisa ba tare da ya tattake shaida ba? Wa zai gane fasfo na jabu a gadar Ngeli? Duk aikin mai ilmi ne. Mun tara masu karatun shari'a da kwamfuta da kimiyyar sinadarai a kan babura, ofisoshin da ke buƙatarsu kuma suna fama da rahoton da alƙali zai karanta ya kama kai.

Kuma alƙalamin nan kaifi biyu gare shi, tarihin Njamena ya nuna mana. A zamanin Hissene Habre, daga 1982 zuwa 1990, hukumar 'yan sandan siyasa ta DDS tana da marubuta masu ƙoƙari. Suna rubuta wanda aka kama, da wanda aka yi wa tambayoyi, da wanda ya mutu a tsare. A 2001 masu bincike na ƙungiyar Human Rights Watch suka tarar da takardun nan a warwatse a tsohon ofishin hukumar, ƙura ta rufe su. A ciki aka tsamo sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da mutum 12,321 da aka ci zarafinsu. A watan Maris na 2015 kotu a nan Njamena ta ɗaure tsofaffin jami'an hukumar su 20, cikinsu har da Saleh Younous da ya taɓa shugabantarta. A ranar 30 ga Mayun 2016 kotu ta musamman a Dakar ta yanke wa Habre kansa ɗaurin rai da rai. Kwata na ƙarni ya wuce kafin takarda ta tashi ta yi magana, amma ta yi. Duk matashin da zai sa hannu a ƙasan rahoto ya riƙe wannan a ransa.

Sai maganar ƙofar shiga, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Kowa a garin nan ya san abin da ake faɗa idan an kafe sunayen waɗanda suka ci konkur, wato jarrabawar shiga aiki: wane ɗan wane ne, wane ko filin gudu bai zo ba, wane an biya masa. Ba duka zancen ne gaskiya ba, wanda ya faɗi jarrabawa ba ya rasa abin cewa. Amma gwamnati da kanta ta taɓa tabbatar da cewa akwai ɓaraka. A watan Fabrairun 2013 an dakatar da rundunar 'yan sandan ƙasar baki ɗaya domin a tantance ta, bayan bincike ya bankaɗo ɗaukar aiki da ƙarin girma ba bisa ƙa'ida ba, kuma ministoci biyu suka rasa kujerunsu a kan lamarin. Ƙasa guda ta wayi gari ta ce wa 'yan sandanta kaf su koma gefe a ƙirga su. Ban san shaidar da ta fi wannan ƙarfi ba a kan illar shigar da mutane ta taga.

Ga iyaye kuma, ina roƙonku da girman Allah. Idan wani ya zo ya ce a kawo kuɗi kaza zai saka sunan yaro, ku sani ɗayan biyu ne. Ko ɗan damfara ne, kuɗin sun tafi ke nan, ko kuma da gaske yake, wanda ya fi muni. Yaron da aka sayar da fili ko shanu aka saya masa kaki ya fara aiki da bashi a wuya, kuma ya san inda zai fanshe: a shingen hanya, daga aljihun direba da fasinja. Daga ranar ba ma'aikaci ba ne, ɗan kasuwa ne da ya zuba jari yana jiran riba.

Uwar da ta ce ba ta yarda ba, ita ma tana da hujja, kada a raina ta. Ranar Litinin 15 ga Yunin 2015 'yan ƙunar baƙin wake na Boko Haram suka kai hari hedikwatar 'yan sanda da makarantar horar da 'yan sanda a tsakiyar birnin nan. Sama da mutum 30 suka mutu, fiye da 100 suka jikkata, kuma da yawa daga cikinsu matasa ne masu koyon aiki, waɗanda ko albashin kirki ba su fara gani ba. Ba a yi wata guda ba, ranar 11 ga Yuli, wani ya tayar da bam a ƙofar babbar kasuwa, aƙalla mutum 15 suka rasu. Wanda aka sa ya tsaya a ƙofa yana binciken masu shiga shi ne na farko a bakin wuta. Aikin nan ana mutuwa a cikinsa, kuma ya kamata wanda zai shiga ya tambaya tun da wuri: in na faɗi, me iyalina za su samu, kuma a hannun wa?

Akwai kuma wani haɗarin da ba na rai ba ne. Ina so ku tuna kwana biyu a jere a watan Oktoban 2022. Ranar Laraba 19 ga wata shugaban riƙon ƙwarya Mahamat Idriss Deby ya ayyana dokar ta-ɓaci saboda ambaliya, wadda ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a faɗin ƙasa. Kogin Shari da na Logon sun cika sun batse, Waliya da Tukra suna cikin ruwa, mutane suna kwashe katifu da tukwane a kwalekwale. Washegari Alhamis 20 ga wata aka yi zanga-zangar ƙin tsawaita mulkin riƙon ƙwarya, jami'an tsaro suka buɗe wuta. Firaministan lokacin, Saleh Kebzabo, ya ce kimanin mutum 50 suka mutu, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa daga baya ta ce 128. Aka kwashi ɗaruruwa zuwa gidan yarin Koro Toro a cikin hamada. A watan Nuwamban 2023 aka yi dokar afuwa a kan abin da ya faru a ranar. Doka ta yafe, amma unguwa ba ta manta fuskar kowa ba.

Matashin da zai sa kaki ya sani cewa wata rana za a iya jera shi da garkuwa a gaban abokan karatunsa, waɗanda suka raba ɗaki da kwanon shinkafa a Tukra, sun fito neman aikin da shi ya samu. Ba ni da amsa mai sauƙi da zan ba shi. Abin da na sani shi ne a irin wannan rana gara a ce mai riƙe da umarni a bakin titi mutum ne da ya karanta iyakar da doka ta gindaya wa amfani da ƙarfi. Idan duk masu ilmi da tsoron Allah suka ce aikin ƙazanta ne suka guje shi, ba rufe komisariya za a yi ba, wasu ne za su cika ta.

Amma ranar Larabar nan ta ambaliya ta fi damuna, domin ita ce ba a cika magana a kanta ba. Birnin da ya haura mutum miliyan ɗaya, yana zaune a mahaɗar koguna biyu, wa ke cetonsa? A 2024 ruwa ya sake dawowa, ya kashe fiye da mutum 500 a faɗin ƙasa, ya shafi kusan miliyan biyu. Samarin unguwa ne ke cika buhuna da ƙasa suna toshe bakin ganuwar ruwa da fitilar waya cikin dare. A daren 18 ga Yunin 2024 rumbun makamai na Guji ya kama da wuta, harsasai da rokoki suna tashi suna faɗawa cikin gidaje, hukuma ta ce mutum 9 suka mutu, 46 suka jikkata. Idan kuma wuta ta tashi a kasuwa, motar kwana-kwana takan iso ta tarar da rumfuna sun cinye hanya, ta fesa abin da ke tankinta, ruwa ya ƙare, ta juya neman wani, kafin ta dawo wuta ta haye layi na gaba. Jama'a su yi ta jifan 'yan kwana-kwana da baƙar magana, alhali wanda ya ba da izinin kafa rumfa a kan hanya yana gida yana barci.

Haka in mota ta buge mai babur a kan titin Mobutu ko hanyar Farsha. Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru, kowa da kyakkyawar niyya. Wani ya kama hannu, wani ya kama ƙafa, kai yana reto, a cusa shi a bayan a-kori-kura ko a ɗora shi a kilando a tsakanin mutum biyu, a nufi babban asibiti. Wani ya ɗura masa ruwa a baki. Mutumin da ƙashin wuyansa ya tsage kawai, a wannan ɗauka ake ƙarasa shi, ko ya rayu a kwance har abada. Mutum ɗaya da ya san yadda ake tallafe wuya da yadda ake danne jijiya mai zubar da jini ya fi taron nan duka amfani.

A nan ne nake ganin gwamnati ta bar dama tana wucewa. Ana ɗaukar dubbai a ba su bindiga, amma ɓangaren ceto ya zama ɗan bora. Ga masu karatun aikin jinya a zaune, ga masu karatun taswira da yanayin ƙasa waɗanda za su iya cewa ga unguwar da ruwa zai fara ci idan Shari ya haura mita 8, ga injiniyoyin lantarki da za su duba wayoyin kasuwa kafin su haddasa gobara. A ba su horo da kaki da albashi. Kafin nan, matashin da ke zaune bai kamata ya jira sanarwa ba. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta Chadi tana horar da 'yan sa-kai a kan taimakon gaggawa. Ba albashi ba ne, amma ilmi ne, kuma takardar tana ƙara wa dosiye, wato takardun neman aiki, nauyi.

Wata magana kuma ta cikin gida, ga 'yan'uwana Hausawan Chadi. Kakanninmu da yawa hanyar Makka ce ta kawo su Njamena, lokacin ana kiranta Fort-Lamy, suka yada zango, zango ya zama gida. Muka riƙe kasuwa da allo da fawa da ɗinki, muka bar aikin hukuma ga wasu, muna cewa ba namu ba ne. Sai ranar da aka kama ɗanmu mu shiga neman wanda ya san wani. Alhali yaron da ya tashi a gidan Bahaushe a Njamena yana jin Hausa da Larabci da Faransanci, sau da yawa har da Barbarci ko Fillanci. A bakin iyakar Kuseri, ko a yankin tafkin Chadi, ko a hedikwatar rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin da ke nan birnin, wannan baki dukiya ne. Haka 'ya'yanmu mata. Tun bayan hare-haren 2015 ake binciken mata a ƙofofin kasuwa da ma'aikatu, kuma babu mai son namiji ya taɓa masa mata ko 'ya. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe ba za ta buɗe baki a gaban maza huɗu ba. Lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta horar da runduna ta musamman ta 'yan sanda da jandarmomin Chadi a 2008 don tsaron sansanonin 'yan gudun hijirar Darfur, da gangan aka sa mata a ciki saboda wannan dalili. Yau kuma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 dubban ɗaruruwa sun ƙetaro ta Adre, yawancinsu mata da yara.

Wanda ya yanke shawarar shiga, ya fara shiri tun yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, kwafin digiri da hukuma ta buga wa hatimi, takardar likita, hotuna, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure ka ba, wadda ita wa'adinta gajere ne, kada ka karɓe ta da wuri ta mutu a hannunka. Ka duba sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a kowace takarda, domin harafi guda tsakanin Mahamat da Mahamad ya isa a jefar da dosiye. Ka fara gudu da asuba, ka koma ga littafin dokar laifuka da rubutun insha'i. Ga ma'aikatar tsaron jama'a kuma, buƙatarmu ba ta da tsada: a faɗi yawan guraben tun farko, a yi gyaran takardun jarrabawa da lamba ba da suna ba, sannan a kafe sakamako da makin kowa a bango, a kuma karanta shi a rediyo, yadda wanda ya faɗi zai ga da maki nawa aka fi shi.